Rawar Tsirkiya a Shagon Baba

Ni na fara gani. Kafin gidan rediyo, kafin masu ɗaukar hoto, kafin su kansu su san abin da ke damunsu, ni na gano shi daga bakin get. Shekara talatin da ɗaya ina gadin ginin nan. Gobara ta tashi a cikinsa sau biyu ina ciki. Wani likita ya taɓa cewa a kira 'yan'uwana su zo mu yi sallama, yau likitan ne babu, ni kuwa ga ni. Ban taɓa zama a aji ba, amma idan yarinya ta sauko daga bene tana gyara mayafin da bai karkace ba, ba sai an karanta mini littafi ba. Abin da ban gani da idona ba kuwa, ita da bakinta ta ba ni labari.

Auta 'yar mai gyaran piyano ce, wanda shagonsa ke ƙasan ginin, kowa na ce masa Baba. Shekarunta ashirin da bakwai. Tun tana 'yar shekara bakwai ya kafa mata celo tsakanin gwiwoyi, wato babban gogen nan mai tsirkiya huɗu, wanda a lokacin ya fi ta tsawo.

A saman bene kuma, ɗakin ƙarshe, akwai wani dogon saurayi da muke kira Injiniya, don kullum wayoyi ne rataye a wuyansa. Shi ba ya taɓa tsirkiya. Na'urori ne jere a kan tebur. Ya ɗauko ƙarar ƙofa, ya ɗauko ɗigar famfo, ya murɗa nan ya danna can, sai ka ji kiɗa ya fito.

Suka haɗa nata da nasa. Kiɗa ɗaya suka saki, rediyo ya yi ta maimaitawa, har aka gayyace su wasa a babban zaure mai kujera ɗari shida. Ana cikin haka Injiniya ya turo kawunsa neman aurenta.

Baba ya ce a'a. Ko kujera bai ba kawun ba.

* * *

"Baba, ka dube ni mana."

Auta na durƙushe a kan simintin shagon, tsakanin piyano uku da aka buɗe wa ciki. Baba bai ɗago ba. Kansa na cikin ɗaya daga cikinsu, hannunsa riƙe da 'yar sifanar da yake ɗaure tsirkiya da ita.

"Ina jinki. Da kunne nake aiki, ba da ido ba."

"Me ya yi maka? Ka faɗa mini laifinsa guda ɗaya."

Goggo ce ta amsa. Yayar Baba ce, ita ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarta. Tana zaune a kujerar baƙi, jaka a cinya.

"Laifinsa? Ke ko kunya ba kya ji? Ga mutum kamar Mai Sanda, shugaban babbar ƙungiyar kiɗa, mutum sittin ba sa motsi sai ya ɗaga sandarsa. Ya ba ki kujera a ƙungiyarsa, ya ba ki kujera a gidansa, takardar aikin har ta kwana goma tana jiran sa hannunki. Ke kuma kin liƙe wa mai gyaran soket!"

"Goggo, ba gyaran soket yake ba."

"To mene ne? Na hau na gani. Waya ta nan, waya ta can, wurin zama ma sai ka ɗage ƙafa."

Hawaye ya zubo wa Auta. Ta juya ga uban.

"Baba, kai ka koya mini kada in yi ƙarya da hannuna. Idan na zauna cikin mutum sittin zan ja abin da aka rubuta mini, har in tsufa. Da shi kuwa, abin da ke raina nake ja. Kuma ina sonsa. Wallahi ina sonsa, Baba. Na yi ƙoƙarin in daina, na kasa."

Sai a nan Baba ya fito da kansa daga cikin piyanon. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Na kalli hoton wasanku a waya," ya ce. "Sau huɗu na kalla. Na'urarsa tana gudu, ke kina binta a baya kamar an ɗaure ki a jikin mota. Inda ya kamata ki ja numfashi, kin haɗiye shi. Shekara ashirin ina koya miki ki jira sauti ya gama maganarsa. Auta, mutumin da kiɗansa ba ya jiran numfashinki, a gida ne zai jira ki?"

Maganar ta soke ta, don ta san akwai gaskiya a ciki. Ta sunkuyar da kai tana shessheka.

"Ka saurare mu sau ɗaya. Ba a waya ba, a gabanka. Muna da sabon kiɗa, shi za mu buɗe wasan zaure da shi."

"Idan na saurara ban gamsu ba fa?"

Auta ta ɗago kai.

"Zan sa hannu a takardar. Kuma ba zan sake hawa benen nan ba."

"Kin ji da kunnenki, Yaya," Baba ya ce wa Goggo. "Jibi da hantsi. A nan shagon. Gwiwata ba ta hawa bene."

* * *

Auta ta hau bene, ta tarar da Injiniya tsugune yana naɗe waya. Yana ganin idanunta ya saki wayar.

"Wa ya taɓa ki?"

Ta zauna a kan akwatin lasifika ta kwashe komai ta faɗa masa. Ya dube ta.

"Kin jinginar da mu duka a kan kiɗa ɗaya?"

"Me kake so in yi? In gudu? Ni ba zan shiga gidanka ubana yana kuka da ni ba."

"Ban ce ki gudu ba." Ya matso ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. "Amma ki faɗa mini gaskiya. Abin da ya ce, haka ne? Ina janki?"

Ta kawar da kai.

"Auta."

"Wani lokaci," ta ce a hankali. "Ba kai ba ne, na'urar ce. Ba ta san na gaji ba, ba ta san ina son in tsaya a kan sauti in ɗan daɗe ba. Sabon kiɗan nan ya fi sauran, wannan abin da ke kaɗawa a ƙasansa yana da rai, ban san inda ka samo shi ba. Amma shi ma ya ɗan fi ni sauri."

"Shekara biyu ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Tsoro nake ji kada ka ce na raina aikinka."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe, idanunsa sun kaɗa.

"Na gwada rage masa gudu a na'ura, sai ya mutu, ya koma kamar kukan firij. Amma zan sake gwadawa. Idan kuma jibi abin bai yi ba, ki sa hannu. Ba zan riƙe ki ba. Sai dai ki sani, ni kuma ba zan sake kunna komai a ɗakin nan ba."

"Kada ka faɗi haka."

"To ki daina kuka, kina jiƙa mini lasifika."

Ta kai masa duka a kafaɗa tana dariya cikin hawaye. Ba ta sake tambayarsa inda ya samo sautin ba. Da ta tambaya, da ba a yi abin da aka yi ba.

* * *

Ranar ta zo. Ni na sauko da babbar lasifikar a kafaɗata, wadda samari biyu suke nishi a kanta, don haka ba wanda ya isa ya ce in fita daga shagon.

Auta na cikin ɗaure tsirkiyar celonta sai ƙamshin turare ya cika wurin. Ta ɗago. Goggo ce a gaba, a bayanta Mai Sanda, cikin farar riga da farin takalmi.

"Na ce bari masani ya zo ya ji," in ji Goggo. "Ko an hana?"

Mai Sanda ya gaida Baba da hannu biyu, ya yi wa Auta murmushi, sannan ya dubi teburin Injiniya.

"Sannu da aiki, ɗan'uwa. Idan aka ɗauke wuta fa, sai a tashi taro?"

"Akwai batir, ranka ya daɗe," Injiniya ya amsa.

Baba ya zauna a kan ɗan bencin piyano, ya harɗe hannu, ya rufe ido.

"Bismillah."

Injiniya ya danna. Wani sauti ya fito daga lasifika, sautin piyano guda ɗaya, dogo, amma yana kaɗawa a cikinsa, wau, wau, wau, kamar bugun zuciya. A kansa wasu ƙananan sautuka suka fara sauka kamar yayyafi a kan kwano. Auta ta ɗora sandar gogenta ta ja.

Jama'a, na ji kiɗa a duniya, amma ranar tsigar jikina ta tashi. Celon ya yi ƙasa kamar namiji yana rarrashi, ya hau sama kamar mace tana kira. Ita kuwa Auta ba ta jin daɗin komai. Idonta na kan fuskar uban. Ta ga girarsa ta haɗe tun daga sautin farko. Ta ga ya buɗe ido. Ta ga ya karkata kai wajen lasifika, ba wajenta ba.

Ba su kai rabi ba Mai Sanda ya ɗaga hannu, irin yadda ya saba yi wa mutum sittin.

"Dakata, dakata. Ku yi haƙuri." Ya yi 'yar dariya. "Ƙanwata, hannunki zinariya ne, shi ya sa nake bin ki. Amma wannan piyanon da ke ƙasan kiɗan, tsirkiyarsa ba ta daidaita ba. Rawa take yi. A gaban mai sana'a za ku kawo wannan? Wane kurma ne ya gyara shi?"

Auta ta dubi Injiniya, ta ga gumi na tsattsafo masa a goshi.

Baba ya miƙe a hankali.

"Kai. A ina ka samo wannan sautin?"

"Baba..."

"A ina?"

"A nan. Wata uku da suka wuce. Ina saukowa da safe, ƙofarka a buɗe, kana gyaran wani piyano mai ruwan ƙasa. Kana buga maɓalli ɗaya kana maimaitawa. Na'urar ɗaukar sauti na aljihuna, sai na tsaya a bayan ƙofa."

"Ka tambaye ni?"

"A'a, Baba."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Baba ya juya ga Mai Sanda.

"Ni ne kurman."

Farar rigar nan kamar ta yi wa Mai Sanda yawa. "Ranka ya daɗe, ni ban san..."

"Kowane maɓalli a tsakiyar piyano tsirkiya uku gare shi. Idan ɗaya ba ta kai 'yan'uwanta ba, sai sautin ya yi rawa. Mai gyara yana jan ta a hankali har rawar ta mutu. Abin da ka ji, hannuna ne a kan hanya. Mutumin da ya yi shekara ashirin a tsakiyar kayan kiɗa ya kamata ya bambance piyanon da ya lalace da wanda ake cikin gyarawa."

Baba ya koma kan Injiniya.

"Kai kuma. Shekara arba'in ina kashe wannan rawar. Ba piyanon da ya taɓa fita ƙofar nan da ita. Kai ka laɓe, ka ɗauke ni ban gama shiri ba, za ka kai ni gaban mutum ɗari shida. Haka ake neman 'yar mutane? Ta bayan ƙofa?"

Auta ta jingine celon ta zube a gabansa.

"Baba, wallahi ban sani ba. Ka yafe masa, don Allah ka yafe masa."

"Tashi, Auta," in ji Injiniya. "Laifina ne ni kaɗai." Ya ɗora yatsa a kan na'urar. "Baba, kullum muna ɗaukar ƙarar titi, ƙarar ruwa, ƙarar ƙofa, har na manta akwai sautin da yake da mai shi. Ba ni da wani kwafi sai wannan. Ka ce in goge, yanzu zan goge."

"Idan ka goge, da me za ku buɗe wasan?"

"Babu."

"To me ya kai ka? Duk sautin duniya bai ishe ka ba sai kuskurena?"

Injiniya ya ɗago kai.

"Duk abin da ke cikin na'urata ƙirga yake yi, Baba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ko ba ta faɗa ba, ina ganin yadda kafaɗarta ke ɗaurewa idan tana bi. Na yi shekara ina neman abin da zai riƙe mata lokaci ba tare da ya ƙirga ba. Ranar da na ji wannan, na ji abu yana numfashi. Don ita na ɗauka. Amma ya kamata in ƙwanƙwasa."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Auta na durƙushe, tana jin bugun zuciyarta har cikin kunne.

"Sake sakawa," in ji Baba.

Sautin ya dawo. Wau, wau, wau. Baba ya saurara, kansa a karkace, leɓensa na motsi.

"Kashe. Ya yi mata sauri."

"Na sani, Baba. Na kasa rage shi."

"Ina za ka iya? A cikin akwati ake rage shi?"

Ya ɗauki sifanarsa ya nufi lungun shagon, inda tsohon piyanonsa na kansa yake, wanda ba na sayarwa ba. Ya ɗage murfin. Ya buga maɓalli ɗaya, sautin ya fito a miƙe, tsaf, ba ko gargada. Ya ɗora sifanar a kan ƙusar tsirkiya. Hannunsa ya tsaya a nan. Auta ta gane abin da yake shirin yi, ta toshe baki da hannu.

Ya murɗa baya. Kaɗan. Sautin ya fara rawa.

"Tashi ki ɗauki gogenki. Ja mini layin farko. Kada ki bi ni, ni zan bi ki."

Ta share fuska da bayan hannu ta ja. Baba na buga maɓallin da hagu, dama na kan sifana, idonsa na kan kafaɗarta. Ya ja kaɗan, rawar ta rage gudu. Ya ƙara. Wau... wau... wau... Sai Auta ta ji wani abu da ba ta taɓa ji ba a shekara biyu. Ta kai ƙarshen layi, ta tsaya, ta ja numfashi har ƙasan ciki, kuma da ta dawo sautin yana nan yana jiranta. Kafaɗarta ta sauka. Hawaye na gudu a kumatunta, ta ci gaba da ja.

Baba ya waiwaya. Injiniya na tsaye, hannayensa biyu a bayansa, na'urar ɗaukar sauti na ajiye a kan tebur.

"Kai kuma me kake jira? Tsirkiya ba ta zama wuri ɗaya."

"Izininka, Baba."

Wani abu ya motsa a gefen bakin tsohon.

"Ɗauka."

Suka yi shi daga farko har ƙarshe. Da sautin ƙarshe ya mutu, sai aka ji Goggo na fyace hanci da gefen mayafi.

"Mura ce," ta ce, ba wanda ya tambaye ta. "To, maganar takarda fa?"

Mai Sanda ne ya amsa, yana gyara hannun riga. Zan faɗi gaskiyarsa, bai fita da rashin mutunci ba.

"Ku bar takardar, Goggo. Ƙanwata, a ƙungiyata ba za ki taɓa jan wannan ba. Allah ya sa alheri." Ya gaida Baba, ya fice.

Baba ya zauna yana goge sifanar da tsumma, bai kalli kowa ba.

"Ban ce na yafe laɓe ba. Sai na ga yadda za ka yi nan gaba. Piyanon da ke zauren wasanku kuma, kada wanda ya taɓa shi sai ni, don ba zan yarda wani ya ɓata shi ba daidai ba."

"To, Baba."

"Mutumin nan da ka turo kwanaki, kawunka ne?"

Injiniya ya dubi Auta. Auta ta daina numfashi.

"Eh, Baba."

"Ka ce masa ya dawo ranar Asabar da safe. Ina da tambayoyi da yawa, ya zo da shirin daɗewa." Ya ɗago ya dubi 'yarsa. "Ke kuma yatsanki na uku ya yi kasala a layi na biyu. Kada ki ɗauka ban ji ba."

Auta ta faɗa jikinsa tana kuka tana dariya, yana ta cewa ta yi hankali da tabarau.

Na san akwai masu cewa tsohon maigadi ya faye ƙari. To, ga hanya a buɗe. Wanda bai yarda ba ya zo ginin nan kowace safiya, ya shiga shagon, ya wuce lungun hagu, ya ƙirga farin maɓalli na ashirin da huɗu a tsohon piyanon nan, ya danna. Har yau Baba bai mayar da tsirkiyar ba, kuma ba ya bari kowa ya mayar. Idan sautin bai yi rawa ba, mutum ya taho da rezarsa, ya aske mini gemun nan a tsakiyar titi, ni zan riƙe masa madubi.